Tsagar da ido ba ya gani: yadda ake farautar gajiyar ƙarfe da amo da hasken leza

Duk wanda ya saba shiga Magazin ta Suame, unguwar makanikai da masu walda a nan Kumasi, ya san wannan gardamar. An jawo tirela, aksul ya karye ko shasi ya rabu biyu, direba yana ta rantse-rantse: "Wallahi Masta, ban faɗa rami ba, ban daki komai ba. Hanya shimfiɗe, sai kawai na ji ƙara." Alhaji mai mota yana gefe yana hararar sa, don a ganinsa ƙarfe mai wannan kaurin ba ya karyewa haka siddan. Sau da yawa direban gaskiya yake faɗa, kuma shaidarsa tana jikin ƙarfen. A goge bakin karayar da tsumma a duba, za a ga fuska biyu. Wani sashe sumul yake, ya yi duhu, wani lokaci har da tsatsa, ga wasu layuka masu lanƙwasa suna bin juna, dukkansu sun kewaye wuri guda a gefe. Ɗaya sashen fari ne tas, mai kaushi. Farin shi ne ya karye yau. Mai duhun ya yi watanni ko shekaru yana tsagewa kaɗan-kaɗan, kowane layi yana nuna inda tsagar ta ɗan dakata kafin ta ci gaba. Wannan ita ce gajiyar ƙarfe.

Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne nauyin da ke karya ƙarfen bai kai wanda yake iya ɗauka ba. Ƙarfen da za a ɗora wa tan 20 sau ɗaya ko gezau bai yi ba, tan 10 tana iya ganin bayansa idan ana ɗorawa ana saukewa sau miliyoyi. Ƙarfe ba dunƙule ɗaya ba ne, ƙananan ƙwayoyi ne manne da juna. Duk lokacin da aka ja shi aka saki, sai wasu daga cikinsu su ɗan zame a wuraren da ƙarfi ya taru: bakin rami, kusurwa mai kaifi, inda tsatsa ta ci, da uwa uba gindin walda. Zamewar ta zama ƙarce, ƙarcen ya zama tsaga.

Kuma miliyan ba ta da nisa kamar yadda ake zato. Tayar babbar mota tana juyawa kusan sau 300 a kowace kilomita. Daga Accra zuwa Kumasi wajen kilomita 250 ne, wato juyi 75,000, kuma a kowane juyi wili da kusoshin taya sun sha ja sun sha saki. Tafiya 14 ta haura miliyan. Balle motar da ke tasowa daga Tema ta bi Techiman da Tamale ta fice ta Paga, ta nufi Wagadugu ko Yamai.

Jirgin ƙasa ne ya fara koya wa duniya wannan karatu da jini. A 1842 aksul ya karye a jirgin da ke komawa Faris daga Versailles, mutane da dama suka ƙone. Bayan haka wani injiniyan jirgin ƙasa na Jamus, August Wöhler, ya shafe shekaru yana juya sandunan ƙarfe a inji yana ƙirga juyi nawa kowanne ke yi kafin ya karye. Abin da ya gano har yau a kansa ake: tazarar da ke tsakanin ja da saki, da yawan maimaitawa, su ne ke ƙayyade kwanakin ƙarfe. Baƙin ƙarfe mai lafiya yana da wani ma'auni wanda in ba a haura shi ba zai daɗe ƙwarai bai gaji ba. Alminiyam ba shi da irin wannan iyakar bayyananniya, shi ya sa ake ƙirga wa jirgin sama tashi da sauka, musamman tun bayan da jirage biyu ƙirar Comet na Ingila suka tarwatse a sama a 1954.

To ga inda maganar take. Tsagar gajiya tana da rayuwa mai tsawo, amma mafi yawanta tana yin ta ne tana ƙarama, ba mai ganinta. Tana girma a hankali da farko, idan ta yi tsawo sai ta ƙara sauri, daga ƙarshe ragowar ƙarfen ya kasa, ya ɓalle cikin ƙiftawar ido. Tsakanin ranar da za a iya gano ta da ranar da za ta yi ɓarna akwai wani ɗan zango. Duk wata na'ura da za a ambata a nan, aikinta ɗaya ne: ta tsawaita wannan zangon ta hanyar ganin tsagar da wuri. Na'urar da ke kama tsaga mai milimita 1 ta ba ka watanni ko shekaru. Idon da sai ta kai tsawon yatsa yake ganinta, wataƙila kwanaki ya ba ka.

A watan Maris na 1980 wani dandalin kwanan ma'aikatan mai a ɓangaren Norway na Tekun Arewa, mai suna Alexander Kielland, ya kife, mutum 123 suka mutu. Da aka bi sawu, sai aka tarar tsagar ta faro ne daga wata 'yar walda mai milimita 6 da ta riƙe mazaunin wata ƙaramar na'urar sauraro a jikin ɗaya daga cikin bututun da suka tokare ƙafar dandalin. Abin takaicin, an sami fenti a cikin wani sashen tsagar. Ma'ana tun a wurin ƙira take nan, mai fenti ya bi ta kanta ya wuce.

Hanyoyin da ake da su tun dā ba na yarwa ba ne. Ma'aikatan jirgin ƙasa suna bin ƙafafu da guduma suna bugawa suna saurare, kamar yadda uwargida ke ƙwanƙwasa tukunyar ƙasa a kasuwa kafin ta biya: mai lafiya amonta garau, mai tsaga sai ta yi wani gwarangwaram. Akwai ta kananzir da alli: a jiƙa ƙarfen, a goge, a shafa farin alli, man da ya maƙale a tsaga ya tsattsafo ya zana ta. Jan ruwan da ake fesawa yau daga gwangwani jikan wannan dabarar ne. Akwai kuma ta mayen ƙarfe da garin ƙarfe, inda garin ke taruwa a bakin tsagar. Dukkansu suna aiki, amma sai tsagar ta fito fili ko ta kusa fitowa. Wadda ke cikin tsakiyar walda, ko a bayan farantin da hannu ba ya kaiwa, ba ruwanta da su. Ita guduma kuwa sai abu ya yi nisa take magana.

Nan siririn amo ya shigo. Kunnen mutum yana tsayawa ne a girgiza kusan 20,000 a sakan guda. Na'urar duba ƙarfe tana aiki da miliyan 2 zuwa miliyan 5 galibi. Asalinta ɗaya da wadda ake yi wa mai juna biyu hoton ciki da ita a asibiti. Wani masanin Tarayyar Sobiyet, Sergei Sokolov, ya kawo tunanin tun 1929, sannan Floyd Firestone na Amurka ya sami rajistar na'urarsa mai aiki da amsa-kuwwa a 1942.

Ga yadda aikin yake a kusa. Mai dubawa zai kankare fenti da tsatsa a gefen waldar har ƙarfe ya fito. Zai shafa wani ruwa mai yauƙi, ko giris, ko mai. Wannan shafin ba ado ba ne: in akwai iska ko da siririya ce tsakanin kan na'urar da ƙarfen, kusan dukkan amon komawa yake yi baya, ba ya shiga. Kan na'urar bai wuce girman akwatin ashana ba, a cikinsa akwai wani yumɓu na musamman wanda ke motsi idan wutar lantarki ta taɓa shi, yake kuma ba da wutar lantarki idan an motsa shi. Don haka shi ne baki, shi ne kunne. Ya yi tsawa sau ɗaya, ya yi shiru yana jiran amsa. Amo yana gudun kusan mita 5,900 a sakan a cikin baƙin ƙarfe, alhali a iska 343 ne kawai. A faranti mai kaurin milimita 25, zuwa da dawowa milimita 50 ke nan, amsar za ta dawo bayan kashi 8 da rabi cikin miliyan na sakan, ta tsaya a allo kamar tsini. In wani tsinin ya ɓullo tun a kashi 3 da ɗigo 4, to akwai abin da ya tare hanya a zurfin milimita 10. A kan walda ba a harba amon a miƙe, ana karkata shi ne digiri 45, 60 ko 70 don ya shiga ta gefe, mai dubawa yana jan kan na'urar gaba da baya, idonsa a allo, yana alama da alli.

Lissafin yana da daɗi, amma ba nan gizo ke saƙar ba. A girgiza miliyan 5, tsawon igiyar amon a ƙarfe milimita 1 da ɗigo 2 ne, kuma abin da bai kai rabin haka ba da wuya ya dawo da amsar kirki. Tsagar da ta kwanta daidai da hanyar amon tana iya barinsa ya wuce ta gefenta. Mafi muni ita ce rufaffiyar tsaga. Tsagar gajiya ba rami ba ce mai baki buɗe. Idan an sauke kaya, ko mota ta wuce gada ta huta, leɓɓanta biyu suna haɗewa gam, ƙarfen da ke kewaye ya matse su. Amo ya zo ya ratsa abinsa ba tare da ya san an taɓa raba wurin ba. Allo ya nuna lafiya lau, a sa hannu a takarda, a tafi. A ganina wannan ita ce babbar matsalar fannin gaba ɗaya, kuma ita ta haifar da mafi yawan binciken da ake yi yanzu.

Dabarar da ta fi burge ni a ciki ita ce a daina jiran amsa-kuwwa, a koma sauraren yadda tsagar ke ɓata murya. Igiyar amo turi ce da ja a jere. Idan turin ya iso rufaffiyar tsaga, leɓɓan suna haɗe, sai ya wuce. Idan jan ya iso, leɓɓan su ɗan rabu, sai ya kasa wucewa gaba ɗaya. Igiyar da ta shiga sumul sai ta fito a gurguje, kuma gurguwar igiya tana ɗauke da muryoyin da ba a aika da su ba. Ka aika da girgiza 100,000, ka ji 200,000 ta biyo ta. Ko kuma a aika da murya biyu lokaci guda, a ce babba mai 200,000 da ƙarama mai 10,000. Ƙaramar tana buɗe tsagar tana rufewa, babbar tana ƙoƙarin wucewa. A ƙarfe mai lafiya, biyun da aka aika su za a ji. A mai tsaga sai a ji ƙarin wasu biyu, 190,000 da 210,000. Waɗannan baƙin muryoyin su ne ke tona asirin tsagar tun tana ƙanƙanuwa, tun kafin ta iya dawo da amsa-kuwwa. Masu bincike a jami'o'i da dama, ciki har da KAIST ta Koriya ta Kudu, sun daɗe suna aiki a kan wannan.

Sai dai ba tsaga kaɗai ke ɓata murya ba. Noti mai kwance-kwance yana yi. Faranti biyu da ke gogar juna suna yi. Har mannin da ke tsakanin kan na'urar da ƙarfen yana iya yi, wato mai sauraren da kansa yana ƙara surutu a cikin abin da yake saurare. Wannan na ɗaya daga cikin dalilan da suka sa aka waiwayi hasken leza, wato siririn haske mai ƙarfi da ke tafiya a miƙe, wanda na'urarsa ba ta taɓa ƙarfen ko kaɗan.

Leza biyu ake amfani da su, ɗaya mai bugu ɗaya mai ji. Mai bugun tana walƙawa na ɗan lokaci ƙanƙani, wajen kashi 10 cikin biliyan na sakan, a kan ɗigo guda. Wurin ya yi zafi nan take, ya kumbura, ya ture maƙwabtansa, wannan turin shi ne amon. In an daidaita ƙarfinta ba ta barin tabo. In an wuce kima sai ta ƙona fatar ƙarfen. Tun 1963, shekara uku bayan ƙirƙiro leza, aka nuna cewa zafi na farat ɗaya yana tayar da irin wannan igiyar. Mai jin kuma haskenta a kunne yake ba yankewa. Yana sauka a kan ƙarfen ya dawo, a haɗa shi da wani kason hasken da bai je ko'ina ba, a gwada bambancinsu. In fatar ƙarfen ta motsa ko da kashi ɗaya cikin miliyan na milimita ne, bambancin zai nuna. Wasu na'urorin saurin motsin suke aunawa ta yadda launin hasken ke ɗan sauyawa, bisa ƙa'idar da Christian Doppler ya bayyana a 1842, shekarar da aksul ɗin Versailles ya karye.

Daɗin abin shi ne madubai biyu ƙanana suna iya karkata hasken daga ɗigo zuwa ɗigo, dubbai a jere. Kwamfuta ta harhaɗa abin da aka ji a kowane ɗigo, ta mayar da shi bidiyo. Sai ka ga igiyar da idonka tana bazuwa a jikin farantin zobe-zobe, tana zuwa wurin tsaga ta karye, wani sashe ya juyo baya, bakin tsagar ya yi ta rawa fiye da ko'ina. Wanda bai taɓa karanta tsinin allo ba ma zai nuna wurin da yatsa. Ba shafa giris, ba hawa tsani zuwa kowane lungu, ana iya tsayawa da ɗan nisa. Ana iya duba abin da ke juyawa, da abin da ke da zafi. A wasu masana'antun bututu da leza ake auna kaurin bututu yana fitowa ja zur daga wuta.

Amma kada a ɗauka gobe za a ga wannan a Magazin. Kunnen leza bai kai na kan na'urar da ke manne da ƙarfe kaifi ba, sai an maimaita bugu da yawa a wuri guda an tace. Yana son fata mai mayar da haske, ƙarfenmu kuwa tsatsa ne da baƙin mai da laka. Ƙurar hunturu tana rage hasken, girgizar mota mai wucewa tana shiga cikin awon, zafin rana yana sauya gudun amon tsakanin safe da azahar. Leza mai bugun tana makantarwa, ko da hasken da ya daki ƙarfe ya dawo ne, don haka sai an killace wuri an sa tabarau na musamman. Ga tsada, ga buƙatar wuta tsayayya, mu da muka san dumso, wato yawan ɗauke wuta. Mafi yawan aikin gano tsagar gajiya da leza har yanzu a ɗakunan gwaji yake, da wasu masana'antu masu kuɗi irin na jiragen sama.

Akwai kuma wani haɗarin da ba a cika faɗa ba: na'ura mai yawan ihun ƙarya. A watan Yunin 1998 jirgin ƙasa mai gudu na Jamus ya yi hatsari a Eschede, mutum 101 suka mutu, sanadin tsagar gajiya a zoben ƙarfen wata ƙafa. Daga cikin abin da ya fito bayan nan, ashe tun kafin hatsarin an rage dogaro da na'urorin gwaji saboda yawan ƙararrawar banza da suke yi, an koma duba ƙafafun da ido da tocila. Ido ba mudu ba ne ya san kima, gaskiya ne, amma ba ya ganin cikin zobe. Na'urar da ta fi kowace jin ƙanƙanin abu, in ba ta iya bambance tsaga da noti mai kwance ba, ƙarshenta kabad. Shi ya sa nake ganin mutumin da ke riƙe da na'urar ya fi na'urar muhimmanci. Ƙa'idar duniya ta ISO 9712 ta kasa masu wannan aiki mataki uku, kowane mataki da horonsa da jarrabawarsa da sa'o'in aikinsa. A nan Ghana Hukumar Makamashin Nukiliya da ke Kwabenya tana cikin masu wannan aiki na duba ƙarfe ba tare da an yanka shi ba, kuma aikin mai da gas na yankin Takoradi ya ƙara wa sana'ar kasuwa. Yaron Zongo da ya iya walda, ya kuma iya lissafi, ya kamata ya san da wannan ƙofar.

Mu ma mun ɗanɗana namu. Gadar Adomi da ke kan kogin Volta a Atimpoku, wadda aka buɗe a 1957, bakanta na ƙarfe ya kai wajen mita 245. A 2008 aka gano tsage-tsage a ƙarafan gicciye da ke ɗauke da titin. Aka taƙaita nauyin motocin da ke hawa, daga baya aka rufe ta a watan Maris na 2014 don babban gyara, ba a sake buɗewa ba sai Disamban 2015. Masu ɗauko doya daga Bimbilla da Nkwanta ba su manta layin jirgin fito na Senchi ba. Wahala ce, amma wahalar da aka sha saboda an ga tsagar da sauran lokaci.

Gadar da aka ƙera don motocin 1957 tana ɗaukar atikuleta na yau, kuma a nan lissafin ba ya tausayi. A wuraren walda, kwanakin ƙarfe suna raguwa ne da ninkin ƙarfin jan sau uku a jere, wato in jan ya ninka biyu, kwanakin sun ragu biyu sau biyu sau biyu, ninki takwas. In jan ya ƙaru da kashi 25 cikin 100, kwanakin sun ragu kusan rabi. In ya ninka biyu, abin da zai yi shekara 40 sai ya yi 5. Mai kayan da ke cewa "Direba, ƙara buhu hamsin ɗin nan mana, motar ai tana ja," gaskiya ne tana ja, injin bai yi ƙorafi ba. Shasin da gadar ne ke biya, kuma zangon nan da na'ura ke wahalar tsawaitawa ta farko, lodin yana datse shi ta ƙarshe. Binciken da aka tsara yi duk shekara biyu bisa nauyin ƙa'ida, tsagar tana iya faruwa ta gama aikinta tsakanin zuwa ɗaya da na gaba.

Saura abin da ake yi in an gano ta, don a nan ma ana tafka kuskure. Abin da aka saba gani shi ne a bi kan tsagar da walda a lulluɓe, a shafa fenti. An ɓoye ta ne kawai, gindinta yana ƙasa, kuma sabuwar waldar ta ƙara mata ja yayin da take hucewa. Gyaran kirki yana farawa da neman ainihin inda tsagar ta tsaya, wanda kusan kullum ya wuce inda ido ya ce, kuma nan ne jan ruwan fesawa ko garin ƙarfe ke da rana. Sai a huda rami mai santsi a daidai ƙarshen don a kashe kaifin, a gurje tsagar har gindinta, a cike, a goge bakin waldar ya yi sumul, sannan a sake dubawa bayan ta huce. Facin faranti ma yana da ƙa'ida: ƙarshen facin da aka yi wa walda a gicciye yana cikin wuraren da tsagar gajiya ta fi saurin farawa, shi ya sa kamfanonin ƙera manyan motoci ke hana walda ko huda a leɓen sama da na ƙasa na shasi, suka fi son faci mai tsawo da aka ɗaure da kusoshi ta gefe. Sannan a rubuta wurin da ranar, a dawo a duba bayan wasu tafiye-tafiye, a kuma leƙa ɗaya gefen motar a daidai wannan wurin, domin nauyin da wannan ɓangaren ya sha shi ɗan'uwansa ma ya sha.